Yadda za ka gane kalmomin Turanci da sunka fito daga earth ba tare da hadda ba

Wanga rubutu na yi shi ne don ƙannenmu masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da duk wanda aiki ya haɗa shi da karanta Turanci, ko jarida ce ko takardar kwangila ko ɗan littafin nan da ke zuwa cikin kwalin firji. Ina koyar da Turanci a lesin ɗin yamma nan cikin garin Sakkwato, kuma abin da ni ke gani kullum shi ne yaro ya san earth sarai, ka tambaye shi ya ce maka duniya ce, amma da ya ci karo da earthen ko earthly ko earthy ko unearth sai ya tsaya cik, ko kuma ya ɗauka duk abu guda ne ya yi ta musanya su cikin insha'i. Wasu kuma sai su zauna su haddace jerin kalmomi da ma'anarsu daren jarabawa, da safe rabi ya tahi. Ba haka za ka yi ba. Tambaya biyu kawai za ka riƙa yi ma kowace kalma, wace earth ce anka nufa, sannan mi anka liƙa mata gaba ko baya.

Mu fara da ta farko don ita ce tushen rikicin. Mu Hausawa kalmar ƙasa tana ɗauke muna kaya da yawa, Najeriya ƙasa ce, abin da kake shuka gero cikinta ƙasa ce, in yaro ya faɗi ya faɗi ƙasa, in ka sauko daga bene ka zo ƙasa. Bature ya rarraba waɗanga duka. Najeriya country ce, fili ko gonar da ka saya land ce, ƙasar noma da ake maganar ƙarfinta ko raunin ta soil ce, inda yaro ya faɗi a waje ground ne, in cikin ɗaki ne floor, yashin gini da rairayin gulbi sand, ƙurar hunturu dust. To ina earth ta shigo? Wuri uku. Na ɗaya, wannan dunƙulen da muke zaune bisa shi, na uku daga rana, mai nisan kusan kilomita miliyan 150 daga gare ta, wanda ruwa ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na bayanshi. Na biyu, ita ƙasar kanta da kake iya ɗiba da shebur, musamman in ana maganar haƙa ko tarawa ko gini da ita. Na uku, wayar lantarki da ake kai wa cikin ƙasa don kare mutane. Duk wata ɗiya da earth ta haifa ɗayan ukun nan ta biyo, in ka gano wanne ne ka ci rabin aikin.

Kafin mu wuce, a kula da bambancin earth da world don nan ma ana zamewa. World ta fi karkata ga mutane da ƙasashensu da harkokinsu, shi ya sa ake cewa World Cup da World Bank, ba ka taɓa jin Earth Cup ba. Earth kuwa ita ce halittar kanta, duwatsu da teku da iska, shi ya sa ranar 22 ga Afrilu da ake tunawa da muhalli, wadda anka fara a Amurka a 1970, sunanta Earth Day. Kuma ƙaramar kalmar da ke gabansu ba ɗaya ba ce, "in the world" ake cewa amma "on earth". Wanga kuskure na "in the earth" ina ganinshi cikin rubutun yara sosai, alhali in ka ce haka kana nufin abin da ke binne cikin ƙasa. Batun babban harafi kuma, in kana lissafa ta tare da Mars da Jupiter cikin darasin kimiyya rubuta Earth da babban E, in ƙasar da anka tona ce ƙaramin e, ba ta kuma ɗaukar jam'i.

Yanzu tambaya ta biyu, wutsiyar da anka liƙa. Ɗauki earthen. Wannan en ɗin ita ce dai ta wooden da golden da woollen, ma'anarta abin da anka yi da kaza. Saboda haka earthen abin da anka yi da ƙasa ne ko yumɓu, ba ruwanta da duniya ko kaɗan. Daɓen ƙasa na ɗakin kaka "an earthen floor" ne, katangar laka "an earthen wall", rumbun da manomi ya gina da laka shi ma haka. Daga nan sai earthenware, ware ɗin nan kaya ne na sayarwa, irin na hardware da software, to earthenware su ne tukunya da tulu da randa da kasko, duk abin da magina tukwane sunka gina da yumɓu sunka gasa. Bature ya bambanta shi da tangaran, wanda ake ce ma porcelain, don shi tangaran ana gasa shi da wuta mai tsananin zafi har ya toshe gaba ɗaya ruwa ba ya ratsa shi, shi kuwa earthenware wutarshi ba ta kai can ba sai ya rage da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa bayan randa iska ta busar da shi ta tahi da zafin, shi ya sa cikin Afrilu da Mayu lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40 kuma ba wuta, ruwan randa ke da sanyi. In za ka rubuta, kada ka ce "earthenwares", kalmar ba ta da jam'i, cewa za ka yi "earthenware pots" ko "an earthenware pot".

Sai biyun da sunka fi wahalar da yara, earthy da earthly, harafi ɗaya ne tsakaninsu amma kowace hanyarta daban. Earthy ta bi ƙasar shebur. Wutsiyar y ita ce ta sandy da salty da dusty, wato abin da ke da kama ko ɗanɗano ko ƙamshin abu. Ka san ƙamshin nan da ke tashi in ruwan farko ya sauka bayan watanni na rani, wanda ke sa mutum ya fito ƙofar gida ya tsaya shaƙa, shi ne "an earthy smell". Wasu ƙananan halittu ne cikin ƙasa ke fitar da wani sinadari mai suna geosmin, ruwa na taɓa busasshiyar ƙasa sai ya tashi, hancin ɗan Adam kuma yana kama shi ko ɗan kaɗan ne. Ruwan sabuwar randa yana da "earthy taste". Masu sayar da yadi da fenti suna cewa "earthy colours" ko "earth tones" suna nufin ruwan ƙasa da jan ƙasa da makuba da makamantansu. Amma akwai wata ma'ana da ya kamata ka sani don kar ka yabi mutum da abin da ba yabo ba, in anka ce wani shina da "earthy humour" ko "earthy language" ana nufin bakinshi ba linzami, shina faɗin abubuwan jiki da na kunya kai tsaye. Don haka kada ka rubuta ma malaminka cewa shi earthy ne kana nufin mai sauƙin kai.

Earthly kuwa ta bi duniya, kuma duniyar da mu munka fi sani, wadda ake gwama ta da lahira. Kishiyarta heavenly. Dukiya da mulki da gidaje "earthly possessions" ne, rayuwar nan "earthly life", duk abin da malamai ke ce ma kayan duniya cikin wa'azi. Wanda ya karanta waƙoƙin zuhudu na malaman jihadi ya san wanga ma'ana tun kafin ya ji Turancinta. Kada ly ɗin ta ruɗe ka ka ɗauka irin ta quickly da slowly ce da ke bayyana yadda anka yi aiki, a'a, irin ta friendly da costly ce, siffa ce da ke zuwa gaban suna. Ba a cewa "he lives earthly". Tana da wani aiki kuma na ƙarfafa korewa, in Bature ya ce "there is no earthly reason" to shina nufin babu dalili ko ƙanƙani, haka "no earthly use", ba shi da amfanin komai. Masu shirya tambayoyin JAMB na neman kalma mafi kusa a ma'ana suna son irin wanga wuri, sai ka zaɓi possible ko makamancinta, kar ka tahi neman soil.

Yanzu mu zo gaban kalmar. Unearth ita ce ni ke so kowa ya riƙe don ita za ka fi gani a jarida. Un ɗin nan ba ta unhappy ba ce mai nufin babu, ta unlock da untie ce, wato warware abin da anka yi. An binne abu cikin ƙasa, ka tono shi, ka yi unearth ɗinshi. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna sunka tono wani mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, daga nan duniya ta fara sanin fasahar Nok, irin wanga tono shi ne unearth. Ba ma sai mun tahi nesa ba. Nan yankin Goronyo, masu binciken duwatsu sun tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa da ta shuɗe, wadda a 1972 anka raɗa ma suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Masana sun ce ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da sunka wuce, lokacin da teku ke kwance bisa wanga yanki namu. Ina jin daɗin ba yara wanga misali ƙwarai don mafi yawansu ba su taɓa jin cewa sunan garinsu na cikin littattafan kimiyya na duniya ba, kuma wanda ya ji shi ba ya sake manta mi unearth ke nufi.

Daga tono na zahiri sai ta koma tono na magana, wanda Hausa ma ke da shi, tono asiri, bankaɗo. In ka ga kanun labari ya ce wani kwamiti "unearthed a fraud" to ya bankaɗo almundahana ne da anka ɓoye. Ɗan jarida na iya unearth ɗin tsohuwar takarda, mai bincike na iya unearth ɗin wani rubutun ajami da ya daɗe cikin adaka. Sharaɗin dai abin ya kasance ɓoye shi ke ko an manta da shi, ba ka unearth ɗin makullin da ka aje jiya, wannan find ce kawai. Gawa kuma in hukuma ta sa an tono ta don bincike, exhume ake cewa, ita ce kalmar kotu da likitoci.

Unearthly ba ta da alaƙa da tono, ko da yake ido na ganin kamar ɗiyar unearth ce. Raba ta haka, un da earthly, abin da bai yi kama da na duniyar nan ba. Kukan da ka ji tsakar dare da ya sa gashin jikinka ya tashi "an unearthly cry" ne. Sannan suna cewa "an unearthly hour" ga lokacin da bai dace a tada mutum ba, irin ƙarfe biyu ko uku na dare. Su a wurinsu ƙarfe biyar na asuba ma na iya shiga ciki, mu kuwa lokacin sallah ne, don haka ka lura da wanda ke magana.

To bari mu tsaya kan ta uku, ta lantarki, don wagga ba ta jarabawa kaɗai ba ce, ta rai ce. Duba filogin firji ko dutsen guga ko hita, irin na Ingila da muke amfani da shi a Najeriya, ƙafa uku gare shi. Biyu na ƙasa su ke ɗaukar wuta, live da neutral, ta sama mai tsawo ita ce earth. An yi ta da tsawo don ta riga sauran shiga kuma ta zama ta ƙarshen fita, ita ce kuma ke buɗe 'yan murfin da ke rufe ramukan soket. Wayarta mai ratsin kore da rawaya ce, a tsohon wayarin kore zalla, live ruwan ƙasa ko ja a tsohon tsari, neutral shuɗi ko baƙi a tsohon tsari. Aikinta shi ne in waya ta goge ta taɓa jikin ƙarfen firji, wutar ta bi ta cikinta ta tahi ƙasa fis ya ƙone ko bireka ta faɗi, maimakon ta jira hannun yaron da ya zo ɗaukar ruwa. A nan earth tana zama aikatau, in ka ga an rubuta "this appliance must be earthed" jikin kwali to ana ce maka dole a haɗa na'urar da wayar ƙasa. Aikin gaba ɗaya earthing ne, shi ne masu wayarin namu ke ce ma atin, sandar jan ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa kuma earth rod. Ƙasarmu busasshiya ce mafi yawan shekara kuma busasshiyar ƙasa ba ta jan wuta da kyau, shi ya sa za ka ga mai wayarin ya zurfafa ramin ya zuba gawayi da gishiri. Don Allah in kana gini kada ka yarda a tsallake wanga aiki don rage kuɗi, kuma a daina karya ƙafar sama ta filogi don ya shiga soket, wallahi abin na tada min hankali duk sanda na gani.

In na'urar daga Amurka ta zo ko bidiyon da kake kallo a YouTube Ba'amurke ne ya yi shi, ba za ka ji earth ba, ground za ka ji, da grounded da grounding, abu guda ne. Akwai kuma wani ɗan tarko, mai aikin lantarki na iya rubuta unearthed shina nufin ba a yi atin ba, ba wai an tono ba. Jimlar ce za ta gaya maka.

Haɗaɗɗun kalmomi sun fi sauƙi, raba su biyu kawai. Earthquake, quake rawa ce ko kakkarwa, girgizar ƙasa, irin wadda ta auka ma Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023 mai ƙarfin maki 7.8 da ta kashe mutum fiye da 50,000, da ta Maroko a Satumbar 2023. In ƙarama ce, irin wadda mutanen Mpape a Abuja sunka ji a Satumbar 2018, "earth tremor" jaridu ke cewa. Kuma "an earthquake" ne ba "a earthquake" ba, duk dangin earth an suke ɗauka. Kada kuma ka ɗauka duk inda Hausa ta ce ƙasa earth za ta zo, zaizayar ƙasa soil erosion ce, zabtarewar ƙasa landslide, gujiya groundnut. Earthworm tana ce, wadda masu kamun kifi a gulbin Rima ke sa ma ƙugiya. Earthling ba za ka buƙace ta ba sai a labaran ƙirƙira, sunan da halittun wata duniya ke kiran ɗan Adam da shi. Earthbound abin da ba ya iya barin ƙasa ya tashi, ana kuma ce ma tunanin da ba shi da zurfi haka.

Masu karatun injiniya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Poli, ku naku su ne earthwork da earth-moving. A takardar kwangilar hanya earthworks shi ne yanka da cikawa da daddaɓe ƙasa kafin a zuba kwalta, earth-moving equipment kuma su katafila da gireda da sauran manyan motocin ture ƙasa. Earth dam madatsar ruwa ce da anka gina jikinta da tarin ƙasa da anka danne maimakon kankare zalla. A littafin tarihi kuwa earthworks ganuwa ce da gwalalo, irin ganuwar Kano da ta Benin. Manoma ma suna da tasu, "to earth up" shi ne tara ƙasa gindin shuka, abin da muke yi in muna huɗa, za ka gan ta a darasin aikin gona wajen dankali. Ɗaya da ke yawan fitowa a labarai yanzu ita ce "rare earths", wasu ma'adinai 17 da ake yin maganaɗisu masu ƙarfi da su na cikin waya da motar lantarki, Sin ce ke riƙe da mafi yawan tace su. Sunan na ruɗi, ba ƙasa ba ce, ƙarafa ne, kuma ba ƙarancinsu ne matsalar ba, warwatse suke raba su ke da wuya.

Sai salon magana, nan ne fassara kalma da kalma ke kada mutum. "Down to earth" ba ƙasƙanci ba ne, yabo ne babba, mutum mai sauƙin kai da bai ɗauki kanshi wani abu ba kuma shina kallon al'amura yadda suke, irin attajirin da zai zauna tabarma ɗaya da leburorinshi su ci tuwo. In ta zo gaban suna sai ka sa mata 'yan layuka, "a down-to-earth man". Amma "come back down to earth" wani abu ne daban, mutum ya dawo hayyacinshi bayan dogon buri ko murna. "It costs the earth" na mutanen Ingila ne, abu ya yi tsada ba kaɗan ba. "Move heaven and earth" mutum ya yi iya bakin ƙoƙarinshi, ya shiga ya fita. "The salt of the earth" mutanen kirki ne talakawa masu amana, asalinta daga Linjila ne, Matiyu 5:13. "Earth-shattering" labari mai girgiza jama'a, ko da yake sun fi amfani da ita da korewa su ce abin ba wani babba ba ne. "Scorched earth" kuma dabarar yaƙi ce ta ƙone gonaki da rumbuna da duk abin amfani don kar abokin gaba ya samu, kamar yadda Rashawa sunka yi ma sojojin Napoleon a 1812, yanzu ana faɗinta ga ɗan siyasa ko ɗan kasuwar da ya gwammace kowa ya rasa.

Ka yi hattara da waɗanda sunka yi kama da dangi alhali ba su ba ne. Dearth ƙaranci ne, "a dearth of teachers" ƙarancin malamai, daga dear ta fito mai nufin tsada, ba ruwanta da earth ko da yake amonsu ɗaya. Hearth murhu ne na cikin ɗaki, ita ko amon ma ba ɗaya ba ne, da heart take tahiya. Wasu kuma suna cewa earth daga Larabci ardu ta fito don sun yi kama a kunne, masana harshe ba su ɗauke su 'yan uwa ba. Earth tsohuwar kalmar Ingilishi ce fiye da shekara dubu, 'yan uwanta su ne Erde ta Jamusanci da aarde ta mutanen Holan, daga wannan ta biyun ne sunan dabgi a Turanci ya fito ta hanyar harshen Afirkans, aardvark, wato aladen ƙasa. Akasin haka kuma akwai waɗanda ba su yi kama ba amma ma'anar ƙasa ce cikinsu, don Turanci ya aro daga Latin da Girkanci. Duk inda ka ga terr ka yi zaton ƙasa, territory, terrain, terrestrial, terracotta wato gasasshiyar ƙasa. Duk inda ka ga geo haka, geography, geology, geometry wanda asalinshi awon ƙasa ne. Wannan kaɗai na iya ceto maka maki a tambayar da ba ka taɓa ganin kalmarta ba.

Furuci kuma, mu nan muna da sa'a da ba kowa ke da ita ba. Sautin th na ƙarshen earth shi ne harafin sa'u mai ɗigo uku da malamin tajwidi ya koya maka, kan harshe tsakanin haƙora ka hura iska. Wanda ya iya karanta Kausar daidai ya iya shi. Kada ka mai da shi s ko t, don in ka ce "at" mai saurare na iya jin art ko heart. A lafazin Ingila da ake bi a jarabawarmu ba a furta r ɗin, wasalin kuma shi ne na bird da word da nurse da learn, in tambayar sauti ta zo waɗanga za ka nema, ba bear ko hear ba duk da rubutun ya yi kama.

Yadda za ka zaunar da su a kai, samu ƙaramin littafi ka raba shafi uku, duniya, ƙasar shebur, lantarki. Duk sanda ka haɗu da wata a jarida ko Facebook ko littafin makaranta, kwafe jimlar gaba ɗayanta ba kalmar kaɗai ba, sa ta shafin da ya dace, sannan ka rubuta taka jimlar da abin da ke gabanka, randar gidanku, filogin hitarku, hanyar da ake gyarawa a unguwarku. Ka duba ƙamus na Turanci zuwa Turanci bayan ka yi hasashenka, ba kafin ba, kuma ka karanta ma'ana ta biyu da ta uku don ka ga earthy da earthly duk a nan sunka ɓoye abin da ke kada mutane. In kana rubuta insha'i kada ka cusa su don burge mai maki, inda soil ta dace rubuta soil.

Akwai "on earth" da ake sa wa bayan kalmar tambaya, "what on earth", "why on earth", "where on earth". Ba duniya ake tambaya ba, zafi ne ake ƙara ma tambayar, kamar ka ce wai shin mi ya kai ka, ko don Allah ina ka shiga haka. Tsakanin abokai ba laifi, a labarin da kake ƙirƙira cikin bakin wani ma tana da kyau. Amma tana ɗauke da mamaki ko ɓacin rai, don haka ba ta shiga wasiƙar neman aiki ko ta shugaban makaranta, kuma ba ka faɗa ma malaminka ko wanda ya girme ka ita, ko da shi ya fara yi maka Turancin.